Ƙunar Rana a Ƙeyar Ɗana

Ɗana na fari zabiya ne. Ko wannan kalmar ta “ɗana” da na rubuta yanzu, sai da hannuna ya ɗan yi nauyi, domin a inda na tashi mace ba ta faɗin haka a kan ɗan farinta. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi ba ita ce mai rugawa ta ɗaga shi ba. A Karaye aka haife ni, ta ƙasar Maiyama, kuma har mahaifiyata ta koma ga Allah ban taɓa jin sunan babban yayanmu a bakinta ba. “Wancan” take ce masa. In ya shigo gaishe ta, sai ta sami abin dubawa a cikin tukunya. Mata na yabonta a kan haka, ni kuwa ina jin daɗin yabon har cikin raina.

Aliero aka kawo ni aure, gidan manoman albasa, gida babba mai sassa, inda maigidana da ’yan’uwansa suke zaune da iyalansu tare da mahaifiyarsu, wadda kowa ke kira Inna. Ni kaɗai ce a matan gidan na yi makaranta har na zama malamar firamare, shi ya sa tun ranar da na tare aka laƙaba mini Malama. Ba duka girmamawa ba ce. In na gaishe da Inna a tsaye saboda ina sauri, boko ne. In miyata ta yi gishiri, boko ne. Akwai facalata, matar wan maigidana, mace mai baki kamar reza amma ba muguwa ba, wadda tun ina da cikin fari take cewa, “Bari mu gani. ’Yan boko da sun haihu sai ka ji suna kiran ɗiyan fari da suna, hadda su sumba.” Ni kuma ina da zuciya. Na ce a raina wallahi sai na nuna musu cewa gidan da na fito an fi su sanin kunya.

Da aka haife shi, ungozoma ta ƙare masa kallo, sannan ta ce ma sha Allah. Fari sol, gashinsa kamar audugar da ta ɗan sha hayaƙi. ’Yan barka suka cika ɗaki, kowa da abin da take faɗi a ƙasa-ƙasa, wata ta ce a dangin wa aka taɓa yi, wata ta ce ko na yi wa wani dariya ina da ciki. Inna ce ta kashe bakinsu. Ta karɓe shi ta ɗaga sama ta ce, “Kun ga angona. Duk Aliero wa ad da miji Bature in ba ni ba?” Aka kwashe da dariya. Ba zan ci amanar tsohuwar nan ba, ta so yaron nan so na gaskiya, kuma da aka yaye shi ɗakinta ya koma, kamar yadda aka saba.

To, sai na shiga nuna kunya. Kai, na nuna ta! Sauran matan gidan ma suna yin ta, amma tasu mai ƙofar baya ce. Na sha ganin facalata ta ja babban ɗanta bayan rumbu ta cusa masa tsokar nama a baki, ta goge masa hanci da gefen zaninta, ta dawo tsakar gida tana ɗaure fuska kamar ba ta san shi ba. Ni ban yi ko wannan ba. Ina tsoron a kama ni a ce ai dama. In ya tako wajena yana ƙarami, sai in ce da wata yarinya ta zo ta ɗauke yaron Inna. Da ya fara magana ya ji kowa na ce mini Malama, shi ma ya ɗauka. Na haifi ƙannensa uku, dukansu baƙaƙe kamar ni, na goya su, na yi musu tawai, na ci zalinsu da wasa, yana daga ƙofar ɗakin Inna yana kallo da idanunsa masu rawa. Mata suka fara kafa misali da ni. Har facalata ta sallama, ta ce ita dai ba ta taɓa ganin ’yar boko mai kara irina ba.

Wanda bai san bazarar ƙasarmu ba zai ce ina ƙari. Tun hantsi rana take fara dukan mutum, kafin azahar ba ka iya taka ƙasa ba takalmi, ƙarfen ƙofa ma sai da tsumma. Mu masu baƙar fata gumi kawai muke yi mu yi ƙorafi. Shi kuwa kowace bazara sai ya sake fata. Fuskarsa ta yi ja jawur, kunnuwansa su kumbura, leɓɓansa su tsage har su yi jini, bayan ’yan kwanaki fatar ta ɗaye ta zube. Inna ta yi ta laɓta masa man kaɗe da safe kafin ya fita, har yana ƙyalli. Ra’ayinta shi ne fata sai ta sha rana take yin ƙwari, in aka ɓoye shi a ɗaki lalacewa zai yi. Ina ganin duk wannan daga ƙofar ɗakina, ina tankaɗe ko ina tsefe wa ƙanwarsa kai.

Yana wajen shekara goma na kai autana asibiti a Jega saboda zazzaɓi. Muna zaune a layi, wata malamar asibiti ta tsaya a kan wata mata da ke riƙe da jaririya zabiya, tana yi mata bayani da ƙarfi yadda kowa zai ji. Ta ce irin wannan fatar ba ta sabawa da rana, ko shekara nawa za ta yi, duk ƙunar da ta yi tana nan tana taruwa. Ta ce man kaɗe da man gyaɗa ba sa tare rana. Abin da ake so shi ne riga mai dogon hannu, da malfa mai faɗi wadda za ta rufe kunne da ƙeya, da zama a inuwa in rana ta take. Sannan akwai wani mai na musamman da ake shafawa kafin a fita, a sake shafawa in an yi gumi. Ta nanata wannan kalmar, kafin a fita. Ta ƙare da cewa ƙurjin da ya fito wa zabiya ya ƙi warkewa ba abin wasa ba ne, yana iya zama ciwon daji. Ban jira na koma gida ba, na bi kemis-kemis na Jega har na samo man, na biya ta kasuwa na sayi malfa.

Sai a cikin mota, da muka doshi Aliero, na tuna cewa ba ni da hanyar miƙa su. In na shiga ɗakin Inna na zauna ina koya mata yadda za ta kula da yaron da ta raina tun daga yaye, me na ce ke nan? Na ce ɗana ne, kuma ba ta iya ba. Don haka na ba ƙanwarsa, yarinya ’yar shekara bakwai, na ce ta kai wa Inna ta ce daga asibiti ne, a riƙa shafa wa yayanta kafin ya fita rana. Allah kaɗai ya san abin da ya isa kunnen Inna daga wannan saƙon. Ina leƙe ta labule na ga ta matsa man a yatsa, ta shinshina, ta murza, ta ce, “Mi ag ga wanga? Ko maiƙo babu.” Amma tunda daga asibiti ne, sai ta ɗauke shi a matsayin magani, magani kuwa a wurinta sai ciwo ya zo ake fito da shi. Ta adana shi cikin kwallarta. In yaron ya dawo da yamma a ƙone, sai ta fito da shi ta ɗiga masa kaɗan a inda ya fi ja, ta mayar ta rufe. Da safe kuma man kaɗe.

Na san haka ake yi. Wannan ne abin da ke ci na. Da ban sani ba, da na sami inda zan fake. Duk bazara sai in sayo sabo in aika, in ce a raina na sauke nawa nauyin, alhali ina kallon yadda ake amfani da shi a baibai. Maganar da zan yi ba ta wuce ta shan ruwa ba, ɗakin Inna kuma ga shi ga nawa. Ni da nake tsayawa gaban aji in yi wa ’ya’yan mutane bayanin wanke hannu har muryata ta dushe.

Malfar kuwa sau ɗaya ya sa ta. Yaran unguwa suka bi shi suna tambayarsa ina shanunsa, wasu suna ce masa tsoho. Ya dawo ya rataye ta a ƙusa a ɗakin Inna, ya samo hana-salla irin ta ’yan ƙwallo. Ita goshi kawai take karewa. Kunnuwa da ƙeya suna waje.

Shekarar da ya kai sha biyar, ubansa ya yankar masa gayauna a gefen fadamarsu, ’yan fangulan albasa da za su zama nasa shi kaɗai. Ban taɓa ganin yaron nan da farin ciki irin na lokacin ba. A makaranta ba ya ganin allo sosai, a filin ƙwallo ba a cika zaɓarsa ba, amma ga abu an ba shi kamar kowane namiji a gidan. Shi ya yi dashensa da hannunsa, shi yake jan tiyo in an tada injin ban ruwa, yana dawowa da laka har gwiwa yana ba Inna labarin yadda ganye ya yi kore. Lokacin sanyi ne, abin bai dame ni sosai ba. Amma na san cirar albasa a tsakiyar bazara take faɗowa, kuma aiki ne na wuni, mutum a duƙe, ƙeyarsa tana kallon sama.

Da lokacin ya matso na sami maigidana a ɗaki na yi masa magana. Shi ma yana kunyar yaron, amma tasa ta maza ce, ba ta hana su tafiya gona tare. Na ce ko dai a sa ’yan ƙwadago su cire masa, ko ya riƙa zuwa da sassafe ya dawo kafin rana ta yi ƙarfi. Ya dube ni ya ce, “Mi kike so in ce mai? In ce shi ba awa sauran yara ba ne? Yaro ya yi wahala tun dashe, ran da za shi ga amfaninta in ce ya zauna ɗaki da mata?” Na ce to a ƙalla ya sa shi ya sa malfa da doguwar riga. Ya ce zai faɗa masa. Na san irin wannan “zan faɗa” ɗin na maigidana, in ya ga buhuna da ’yan aiki komai fita yake yi daga kansa.

Safiyar da za a fara cira ina tsakar gida ina wanke-wanke, matan gidan duk suna waje, wasu na surfe, facalata tana iza wuta. Ya fito daga ɗakin Inna da wata rigar ƙwallo marar hannu, da hana-sallarsa, wuyansa na ƙyallin man kaɗe. Ya rusuna daga nesa ya ce, “Malama, ina kwana.” Na amsa ba tare da na ɗaga kai ba, kamar kullum. Ya kusa kaiwa zaure na ji bakina ya buɗe, na ce da ƙarfi, ina kallon kwanon da ke hannuna, “Yau dai rana za ta yi zafi. Mutane su nemi abin rufe wuya.”

Ya tsaya. Wallahi ya tsaya, ya ɗan juyo, kamar yana jira ya ji ko da shi ake.

Facalata ta saki icen da ke hannunta ta tafa. “Ayyiriri! Jama’a ku taho ku ji, yau Malama ta yi magana da mutane. Waɗanne mutane ne, Malama? Hwaɗi mana sunansu mu ji.”

Aka yi dariya. Wasa ne, irin wanda muke yi kullum. Da na ce mata eh, da shi nake, da iyakarta ta yi mini tsiya na kwana biyu. Amma sai na ce, “Ke dai kin cika neman magana. Da masu tallar fura nake.” Na yi dariya tare da su. Da na saci kallon zaure, ya riga ya fita.

An yi kwanaki ana cira. Ƙanensa da ke kai musu abinci ya zo yana ba ni labari, wai Yaya ko hutun azahar ba ya yi, in sauran sun koma gindin mangwaro shi yana can yana jera albasarsa. Wai in ya tara ta sai ya bi ya lulluɓe ta da ganyenta, kai ɗaya ba ya bari a waje, don ubansu ya gaya masa albasar da rana ta doka ba ta ajiyuwa, ruɓewa take yi. Kullum da yamma ina ganin shigowarsa, jan wuyansa na ƙara duhu, yana tafiya da kai a sandare don juyawa na yi masa zafi. Kullum ina cewa gobe zan yi magana.

Ranar da aka gama, a kan babur aka kawo shi, ubansa na tuƙi, wani ɗan ƙwadago ya riƙe shi ta baya. Jikinsa zafi rau, yana rawar sanyi a cikin wannan zafin. Daga ƙeyarsa har kafaɗu duk bororo ne, wasu sun fashe rigar ta manne a kai. Aka shige da shi ɗakin Inna. Matan gidan duk suka bi, har facalata da ruwa a kwano tana salati. Ni na tsaya a bakin ƙofata. Ina jin lokacin da suke jiƙa rigar suna ɓamɓare ta, ina jin yana cije kuka don kada a ce shi ba namiji ba ne, daga baya ya kasa. Ƙafafuna suka kai ni har tsakiyar gida, sannan suka dawo da ni. Na dama kunu na ba ƙanwarsa ta kai. Tir da ni, kunu!

Mai kemis na unguwa ya zo ya yi masa allura ya wanke wurin. Zazzaɓin ya sauka, bororon ya bushe, sabuwar fata ta fito. Amma wuri ɗaya a ƙeyarsa, dab da inda gashi ya ƙare, ya ƙi rufewa. Bai fi girman ƙwayar gyaɗa ba. Ya yi ɓawo, ɓawon ya faɗi, ya yi jini, ya sake yin wani. In ya duƙa yana alwala a bakin rariya ina hango shi daga inda nake. Mako ya bi mako, maganar malamar asibitin nan tana yawo a kaina har a cikin aji. Wannan karon na tsaya wa maigidana a kai, na ce ko ya kai shi Jega ko in ɗauki mayafina in kai shi da kaina kowa ya gani. Ya kai shi.

Suka dawo bayan la’asar. Maigidana ya shigo ɗaki ya zauna a bakin gado bai cire takalmi ba. Ya ce likita ya duba wurin ya daɗe yana dubawa, ya ce ba wannan bazarar ce ta kawo shi ba, ƙunar shekaru ce. Za a tura su babban asibiti a yanke wurin a auna, a ga ko ya riga ya zama abin da ake tsoro. Kafin nan kada rana ta sake taɓa shi. Ya ce likitan ya tambaya ko ba a taɓa gaya musu akwai man da ake shafawa ba. Maigidana ya ce masa akwai shi a gida, ana shafawa da yamma. Wai likitan ya dafe kai.

Washegari ne ranar da za a zuba albasarsa a rudu, wato gadon karan da ake ɗagawa daga ƙasa a rufe da ciyawa don albasa ta sha iska ta kai lokacin da za ta yi daraja. Ubansa ya ce ya zauna, za a yi masa. Yaron ya ce shi dai sai ya je ya gani da idonsa. Da hantsi ya fito, ya sa riga mai hannu wannan karon, amma wuyan a buɗe, an manna auduga a kan ƙurjin, ga hana-sallar nan a kansa. Tsakar gida cike take kamar kullum. Ya rusuna ya gaishe ni ya nufi zaure.

Na kira sunansa.

Bai juyo ba. Ina jin bai gane da shi ake ba, don bai san yadda sunan yake a muryata ba. Na sake kira da ƙarfi. Taɓaryar da ake surfe da ita ta tsaya. Ya juyo yana ƙifta ido, yana duban bayana ko wata ce.

“Zo nan ka zauna,” na ce, na tura masa kujerar tsuguno da ƙafa.

Na wuce kai tsaye ɗakin Inna, ko sallamar kirki ban yi ba. Tana zaune a kan tabarma tana jan carbi. Na durƙusa na ce, “Inna, man nan na asibiti nake so.” Ta nuna mini kwalla. Na buɗe, ga su nan har da na shekarun baya, wasu ko rabi ba a ci ba, wasu sun daɗe da lalacewa. Na zaɓi na bana, na ciro malfar daga ƙusa na kakkaɓe ta. Na ce, “Inna, ba da yamma ake shafa shi ba. Da safe ne, kafin ya fita. Shi ke tare rana. In an riga an ƙone ba ya komai.”

Na shirya wa faɗa. Na shirya ta ce mini marar kunya, ta ce boko ya motsa. Sai tsohuwar nan ta ajiye carbin, ta dube ni da idanun da suka fara kawo ruwa ta ce, “Kin san haka tun dauri?”

Na ce eh.

“To mi ya hana ki hwaɗa min? Ni na iya karatun abin da anka rubuta a jikinai? Ɗiyata, wa ya hana ki?”

Na duba ko’ina a cikin kaina ban sami sunan wanda zan kira ba. Na tashi na fita.

Yana zaune a kan kujerar, ya haɗa gwiwoyi, kansa a ƙasa. Ba wadda ta yi guɗa, facalata ma ta juya tana gyara wutar da ba ta buƙatar gyara. Na tsaya a bayansa na cire masa hular, na matsa man a tafina. Rabon da in taɓa jikinsa tun ranar da aka yaye shi. Da na ɗora hannu a wuyansa sai ya zabura, kafaɗunsa suka ɗage. Ban san haka fatar take ba. Daga nesa fara ce kawai da ɗigon baƙi, amma a hannu kaushi gare ta, ta yi kauri ta tattare, irin ta tsohon da ya gama noma a duniya, a jikin yaro ɗan sha biyar. Na bi gefen audugar a hankali, na shafa bayan kunnuwa da samansu, na zagayo gabansa na durƙusa na shafa masa goshi da hanci da kumatu. Ina yi ina yi masa bayani da muryar aji, don in na yi shiru kuka zan yi. Na ce ya tafi da man a aljihu, in ya yi gumi ya sake shafawa, in rana ta take ya shiga inuwa ko albasar duniya ce za ta ruɓe. Na ce duk ɗan da ya ce masa tsoho saboda malfa ya turo mini shi.

Idonsa a rufe yake. Na kama hannuwansa ina shafa bayansu. A nan ne ya yi magana, a hankali yadda ni kaɗai zan ji.

“Malama, ba ya ba ki ƙyama?”

Na ce, “Me?”

“Jikina.” Ya buɗe ido, suna rawa, bai dube ni sosai ba. “Na ga kowa uwatai na taɓa shi ko a ɓoye ne. Ni na aza don ni zabiya ne.”

Bai faɗa da fushi ba. Da ma da fushi ya faɗa. Ya faɗe shi ne kamar abin da ya daɗe da sani har ya daina yi masa ciwo. Na buɗe baki in ce masa al’ada ce, in ce masa haka uwata ta yi, in ce masa duk shekarun nan ina leƙensa ta labule. Ba ko ɗaya da ya fito. Ina riƙe da hannuwansa, man na bushewa a tsakanin yatsunmu, har ubansa ya yi kira daga zaure cewa rana na yi. Ya zare hannunsa a hankali, ya ɗauki malfar ya sa, ya ce, “Na gode, Malama,” ya fita.